Motar da Ke Mutuwa da Kanta

Daren Laraba, Wulari

Yau Modu dillali ya ba ni sabuwar motar nan, ƙirar bana, na gwada. Muna isa shingen sojoji na taka birki, sai inji ya ɗauke. Soja yana ta yi min hannu in wuce. Modu ya yi dariya: "Alhaji, haka aka ƙera ta don tattalin mai. Saki birki, za ta tashi."

Ta kuwa tashi. Amma ni hanyar Damaturu nake bi da iyali, kuma ba makanikin da ya san cikinta a garin nan. Tsohuwar motata akwai hayaƙi, amma ba ta taɓa mutuwa a gaban bindiga ba. Gobe zan kai ta a yi wa injinta juye, in ci gaba da hawan abata.