Kabarin Malachy Quinlan

Ballyroe, Victoria
3 ga Maris, 1998

Zuwa ga Goggo Mena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kuma ƙafarki ta yi sauƙi. Ni ce Bridie, 'yar Frank, jikar yayanki Dinny. Ni ce na ɓuya a bayan firji ranar jana'izarsa har kika tambaya ko bebiya ce. Shekarata goma sha uku. Baba ya ba ni lambar wayarki, na ɗaga sau biyu na ajiye, shi ya sa na rubuto.

Baba zai sayar da gonar gangare ga kamfanin masu dasa itatuwan turare. Ranar 29 ga Mayu za a sa hannu. Mutumin kamfanin, Mista Garvey, ya ce katafila suke fara sawa ta yage ƙasar gaba ɗaya, har da bishiyar ƙayar nan ta kan tudu. Kin san a gindinta aka binne Malachy Quinlan, kakanku da ya zo daga Ireland ya share wannan daji. Kaka Dinny bai taɓa barin garma ta matsa kusa ba. Duk wanda ya hau tarakta sai ya ce masa, "Ka kewaye tsoho, barci yake yi."

Mista Garvey ya ce idan da gaske akwai kabari, za su ja waya su kewaye shi su bar shi. Amma sai da takarda. Baba ya ce shi ba shi da lokacin tonon takardu, in ina so in nema. Don Allah ko kina da wani abu? Ko wasiƙa, ko hoto, ko wani rubutu a bangon Littafi Mai Tsarki.

Ki huta lafiya.
Jikarki,
Bridie

Geelong
11 ga Maris

Bridie,

Na ga wasiƙarki, ina amsawa. Ƙafa tana nan inda take. Ashe bebiya tana da baki idan an ba ta biro, sai dai rubutun naki kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Ba ni da komai. Kowa a Ballyroe ya san wanda ke gindin bishiyar nan, tun kafin a haifi ubanki. Ki ce wa Frank ya gaya wa mutumin haka da ƙarfi, shi ke nan. Dinny bai taɓa nuna wa kowa takarda ba, kuma ba wanda ya taɓa wurin.

Ki bar tonon nan. Ki je ki yi aikin makarantarki. Ki gaida uwarki.

Goggonku,
Philomena

Ballyroe
29 ga Maris

Goggo Mena,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Na gaya wa Baba abin da kika ce. Yana cin abinci, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Goggo ke nan. Ki rubuta mata ki ce katafila ba ta san kowa a Ballyroe ba." Mama ta ce ya daina sa yarinya a tsakiyar rigimarsa da tsohuwa. Ya ce, "Ni na sa ta? Ita ta sa kanta."

Ban bari ba, ki yi haƙuri. Na je ofishin coci bayan makaranta. Na tsaya a ƙofa har matar da ke wurin ta fito da kanta ta ce ko na ɓata ne. Ta ce littafin binne mutane na shekarun can ruwa ya ci shi. Na je laburare Asabar uku a jere ina murza injin duba tsofaffin jaridu har kaina ya yi ciwo. Malachy Quinlan uku na samu. Ɗaya an ci shi tara saboda aladensa sun shiga gonar wani, ɗaya ya mutu yana ɗan shekara tara, na ukun ya ci gasar dankali. Ban san wanne ne namu ba. Ina fata dai ba mai aladen ba ne.

Mai kula da laburaren ta ce in rubuta wa ƙungiyar masu binciken tarihin gundumarmu, ta ba ni adireshi. Na rubuta. Sau huɗu na sake kwafa saboda abin da kika ce a kan rubutuna.

Ba ki ce ba ki san komai ba, cewa kika yi ba ki da komai. Don Allah ko shekarar da ya rasu ce ki faɗa mini.

Taki,
Bridie

Ƙungiyar Binciken Tarihin Gunduma
20 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Malama Bridie Quinlan,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai farin cikin sanar da ke cewa bincikenmu ya yi nasara.

Malachy Quinlan ɗan yankin Clare ne a Ireland. Ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Portland a shekarar 1854, yana da shekara goma sha tara, bai iya karatu ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana kiwon tumakin wani. A 1865 ya sami filin da iyalinku ke nomawa yanzu, shi da matarsa Honora suka kwashe duwatsun da hannu suka gina katangar da ke gefen titi. Shi ne ya ci gasar dankali. Ina baƙin cikin cewa shi ne kuma mai aladen.

Game da babbar tambayarki: ya rasu a watan Yuli na 1909, kuma an binne shi a maƙabartar gari, ɓangaren Katolika, layi na huɗu daga ƙofa. Na je da kaina. Dutsen kabarin ya faɗi ya kifa, watakila shi ya sa aka manta da shi. Ba ya cikin gonarku, don haka hankalinki ya kwanta, ba abin da zai taɓa shi.

Na haɗo da kwafen takardun. Ba kasafai muke samun yara masu irin naki naci ba.

Naki da girmamawa,
Aldous Penhale
Sakatare

Ballyroe
27 ga Afrilu

Goggo Mena,

Ina gaisuwa. Ga kwafen wasiƙar Mista Penhale na sa miki a ciki, ki karanta ta tukuna.

Baba ne ya ɗauko ta daga akwatin wasiƙu, a gabansa na buɗe. Ranar Lahadi bayan coci muka je maƙabarta da ƙarfen banƙara, shi da Kawu Des suka juya dutsen. Sunan yana nan sarai, shi da Honora. Kawu Des ya yi ta dariya, ya ce, "Shekara nawa muna kewaye tsoho da tarakta, ashe shi yana nan cikin gari yana hutawa." Baba ya dafa kaina ya ce na yi ƙoƙari, na sauke masa nauyi. Ya ce dama abin yana damunsa, yanzu zai sa hannu da zuciya ɗaya. Yau da safe ya buga wa Mista Garvey waya ya ce ba sai an ja waya ba.

Kin ga abin da na yi. Da na zauna shiru, watakila Baba da kansa zai ji nauyi ya ce a bar tudun. Wata biyu ina wahala don in ceci bishiyar, ni ce kuma na kawo takardar da za a tumɓuke ta da ita. Mama ta yi mini kek wai don taya murna. Ban ci ba.

Ina jin haushin Kaka Dinny, kuma ban san yadda ake jin haushin wanda ya mutu ba. Me ya sa ya yi mana ƙarya? Ke ma kin sani, shi ya sa kika ce in bari.

Jiya na hau tudun na zauna. Na ja ciyawa da hannu don haushi, sai na ga fararen duwatsu a kwance, kowanne kamar faɗin faranti, an jera su a layi. Guda biyar. Dutsen gonarmu duk baƙi ne, waɗannan daga wani wuri aka ɗauko su. Ban gaya wa kowa ba. Idan wannan karon ma kika ce in je in yi aikin makaranta, ba zan sake damun ki ba.

Bridie

Geelong
9 ga Mayu

Bridie, 'yar nan,

Ina amsa gaisuwarki. Na fara wasiƙar nan sau uku. Ki karanta ta ke kaɗai.

Dinny bai yi ƙarya don kansa ba. Ki ɗauke haushin daga kansa ki kawo nan.

A can Ireland, jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba a kai shi maƙabartar coci. Akwai wani wuri daban a gefen gona inda ake kai su, ba limamin coci, ba addu'a a fili, ba suna. Uba ne ko kawu ke ɗauka ya je ya dawo, kuma ba a sake maganar. Malachy ya zo da wannan al'ada a kansa kamar yadda ya zo da hularsa. Honora ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya, uku ba su yi numfashi ba. Shi ya kai su tudun, shi ya dasa ƙayar don kada shanu su taka. Fararen duwatsun daga bakin teku yake ɗaukowa. Na huɗun ƙanen babanmu ne ya kai nasa.

Ta biyar tawa ce.

A 1938 ne, ina da shekara goma sha tara, ba ni da aure. Wanda ya yi mini cikin wani saurayi ne mai aikin tonon dankali, ya wuce da aka gama aiki, bai ma sani ba. Mahaifiyarmu ta ce wa mutane ciwon ƙirji nake yi, ta kulle ni a ɗakin baya wata huɗu. Yarinyar ta zo ba rai. Babanmu ya ce shi ba zai taɓa ta ba. Dinny ne ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya zazzage, ya shimfiɗa rigarsa ta coci a ciki. Da safe ya kai ta, ina leƙensa ta taga. Bayan kwana biyu ya hau keke har bakin teku ya dawo da dutse a cikin buhu.

Da babanmu ya rasu, wani maƙwabci ya ba Dinny shawara ya sare ƙayar ya ƙara fili. Nan take Dinny ya ce kakanmu ne a wurin. Tsofaffin da suka san gaskiya suka yi shiru, yara suka taso da labarin. Mutum yakan ji nauyin nome kabarin kakansa, amma wa zai tsayar da tarakta saboda jariran da ba wanda ya ce an haife su?

Na zauna da mijina Leo shekara arba'in da ɗaya, ya mutu bai sani ba. Ba mu sami haihuwa ba. Matan cocinmu a nan suna ce mini baiwar Allah da ba ta taɓa riƙe nata ba, ni kuma ina gyaɗa kai.

Ba ki yi laifi ba. Kin tambaya, aka ba ki amsa. Amma kada ki nemi takarda, babu. Ki ƙona wannan.

Goggonki,
Mena

Ballyroe
17 ga Mayu

Goggo Mena,

Ina gaishe ki ƙwarai. Na karanta a ɗakin tatsar madara, ba wanda ya gani. Ban ƙona ba tukuna, tana cikin takalmin robana na da. Ki yafe mini abin da na ce a kan Kaka Dinny.

Na yi wani abu, ban sani ba ko za ki yi faɗa. Mista Garvey ya zo auna fili ranar Alhamis. Na bi shi har bakin mota. Na yi magana ƙasa-ƙasa, sai da ya sunkuyo ya ce in maimaita. Na ce idan akwai kabarin da ba shi da takarda fa? Ban ce na waye ba. Ya ce idan akwai mai rai da ya shaida da idonsa, ya rantse a gaban jami'i ya sa hannu, wannan ma takarda ce. Amma dole a rubuta wanda aka binne da shekarar, kuma mai gona zai gani, kamfani ma zai ajiye kwafe. Ya ce kafin ranar 29, bayan nan ba hannunsa.

Na yi tunanin in ce jariran Malachy uku kawai. Amma ba wanda ya gan su da ido. Ke kaɗai kika ga ɗaya.

Ba roƙon ki nake yi ba. Ba zan gaya wa Baba ba, ko da katafila ta zo. Idan kika ce a bari, zan kwashe duwatsun biyar a baro kafin ranar in ɓoye su a bayan katanga, iyakar abin da zan iya ke nan. Sai dai duwatsun ne kawai zan iya ɗauka.

Saura kwana goma sha biyu.

Jikarki,
Bridie

Geelong
22 ga Mayu

Bridie,

Na gaishe ki. Kada ki taɓa duwatsun.

Ki ce wa ubanki ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa ranar Laraba da ƙarfe ɗaya. Kada ki faɗa masa dalili, da bakina zai ji. Ki biyo shi, ki zauna kusa da ni a kujerar baya ta mota.

Ki tambayi mutumin nan ko takardar tana da gurbin suna. Idan akwai, Agnes ne. Yau na fara rubuta shi.

Sai na zo.
Goggonki,
Mena