Katangar Tsakar Gida

Tarauni, Kano.

Zuwa ga Yaya Basira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da Malam da yara, kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya, takaba ta yi nisa. Tun rasuwar Tijjani ko zaure ban leƙa ba, asibitin da nake aiki ma sun ɗaga mini ƙafa.

Ki daina damuwa da maganar gida, kin cika zargi. Kin san shi da ƙanensa Mukhtar suka haɗu suka sayi filin nan suka gina, ƙofa ɗaya, shaguna biyu a bakin titi, ba wanda ya taɓa cewa nan nawa nan naka. Mukhtar ya riƙe mu da kyau. Kwanan baya ya tsaya daga bayan labule ya ce tunda shi ba muharramina ba ne, zai ja katanga a tsakar gida don suturata. Wallahi sai da na yi hawaye. Magina sun fara aiki, ni nake dafa musu shinkafa da wake, 'yata Hadiza tana miƙa musu, don ba na fita cikin maza.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Sa'adatu.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Yaya Basira,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar? Daga gidan Inna Saude nake rubuto miki, don raina ya ɓaci da Tarauni.

Ran da na fita takaba na zagaya ta titi na ga aikin da idona. Daga ciki katanga ce kawai. Daga waje kuwa, shagunan biyu da babbar ƙofa duk sun faɗa ɓangarensa. Mu an fasa mana 'yar ƙofa ta lungun kwata, katifa ma sai an lanƙwasa take shiga. Da hayar shagon nan nake sa ran riƙe marayun.

Da aka zauna rabon gado, malamin da aka kira ya ce sai an fara ware kason mamaci daga na abokin tarayyarsa, sannan a raba wa magada. Mukhtar ya ce ai sun raba da baki tun Tijjani yana raye, a kan iyakar ya ɗora katangar. Na ce ƙarya ne. Bai ko dube ni ba, ya ce wa mutane, "Da ba ta yarda ba, da ta ciyar da maginan?" Maƙwabta suka gyaɗa kai, don sun ga kwanukana suna fita. Yaya, mutumin da na yi wa lefe da hannuna ke nan. An cuce ni, kuma da sunan addini.

Da ya ji zan kai ƙara, sai ya aiko cewa ya janye, in nemi wanda zai ba da auren Hadiza da aka sa bayan salla, alhali shi ne waliyyinta. Na kwana biyu ban iya gaya mata ba. Da na gaya mata sai ta ce, "Umma, wanda ya cinye shagon ƙannena ba zai karɓi sadakina ba."

Jiya na shigar da ƙara. Yadin ankon da kika saya ki adana shi, an ɗaga biki, kuma ban san ko dangin yaron za su jira ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Sa'adatu.