Kalmar da Ka Ba Matar Arewa

1 ga Yuni, 1946

Ɗana Saverio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya tarin nan naka? Sanyin arewa ya sake ku kuwa? Ni lafiya lau, ban da gwiwa, ita kuwa mun saba.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, ban ga inda ka faɗi ranar dawowarka ba. Abin da na gani shi ne Mama Onorina a kowane layi. Mama Onorina ta dafa, Mama Onorina ta ɗinke maka riga, Mama Onorina ta ce gidan sarauta ya gudu ya bar sojoji a hannun Jamusawa, don haka jamhuriya za ka zaɓa. Na san ta ɓoye ka a gonarta lokacin da rundunarku ta watse, har kyandir na kunna mata a coci. Amma yau shekara guda da ƙarewar yaƙi. Godiya ba bauta ba ce, kuma ba ita ta yi naƙudarka ba.

Gobe za mu jefa ƙuri'a tsakanin sarki da jamhuriya, mu mata karo na farko a zaɓen ƙasa. Na karanta wa matan layinmu jarida a ƙofar gida kamar kullum. An rubuta cewa kada mace ta shafa jan baki, domin da leɓe za a jiƙa takardar a liƙe, idan ja ya taɓa ta an soke ƙuri'ar. Sai maƙwabciyarmu Cosima ta ce, "To Addolorata, ke kam ƙuri'arki ta tsira tun ranar da aka haife ki." Suka yi ta dariya. Na ce musu abin kunya ne a ce abin da wa'azi ya kasa hana su, jarida ta hana da layi ɗaya.

Ni sarki zan zaɓa, ba don gidansu ba shi da laifi ba. Ba a canja wa gida uba don an yi fushi, kuma ba a canja uwa don wata ta iya tuwon masara. Alkama ta nuna, kai kaɗai ne namijin gidan nan tun rasuwar mahaifinka. Ka taho girbi, ka taho da kayanka duka.

Allah ya tsare ka.
Mahaifiyarka,
Addolorata

12 ga Yuni, 1946

Saverio,

Ina gaishe ka, da fatan jikinka lafiya. Ba zan tambayi ko kana ci kana ƙoshi ba, hoton da ka aiko ya ba ni amsa.

To, ku kun ci. Duk kudu sarki muka zaɓa, arewa ta danne mu da yawa. Jiya a Napoli an yi harbi a titi, rediyon mai aski ya ce an kashe matasa. Wasu na cewa za a raba ƙasar biyu. Burodin da ake raba mana da kati kuwa bai ƙaru ba, jamhuriya ba ta zo da gari ba.

Na kai hoton ƙofar gida, kuma na yi nadama. Cosima ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, dubi kumatu! Wannan ai sai dai ki je aron ɗa." Na karɓe hotona. Amma na ga hannun matar a kafaɗarka kamar wadda ta saya ta biya. Na ga kwat ɗin da ke jikinka, ba ni na ɗinka ba, kuma ya fi ka faɗi. Da na juya bayan hoton sai na ga rubutunta, ta fara sa "Ni da Remo", ta soke, sannan ta sa sunanka. Wane ne Remo? Sunan da muka raɗa maka a coci ma ba ta bar maka ba?

Ka saurare ni. Ɗan da ya manta nonon da ya sha, ƙasa ma ba ta yi masa albarka. Idan aka gama girbi ba ka zo ba, zan ba da gonar haya, kuma kada ka ƙara sa ran ganin rubutuna.

Mahaifiyarka, wadda ta haife ka,
Addolorata

28 ga Yuni, 1946

Ɗana Saverio,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin? Yaya mutanen gidan?

Doguwar wasiƙarka ta zo, kuma wannan ban karanta wa kowa ba. Laifinka ne da ba ka faɗa mini tun farko ba. Ban san Remo ɗanta ne da aka kai yaƙin Rasha bai dawo ba. Ban san kayansa ta sa maka, ta ce wa Jamusawa kai ne shi, yaƙi ya ɗaure maka harshe ba. Gaskiyarta, da ka buɗe baki sau ɗaya da sun ji kudu a muryarka. Ka ce kalma ɗaya ta yarje maka a gaban baƙi, domin ita kaɗai ce arewa da kudu ke faɗi iri ɗaya. Kusan shekara biyu, kai da kafin a gama cin abinci ka cika ɗaki da surutu, ba ka da magana sai Mama.

Kada ka ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Ni na koya maka kalmar nan a cinyata, wata ta ji ta fiye da ni, kuma a bakinta ranka ya rataya. Wannan zai daɗe yana cina.

Sarki ya hau jirgin sama ya tafi, ka ji. Manyan duniya suna Paris suna yanka iyakokinmu kamar cuku, an ce Amurkawa za su gwada bam ɗinsu a teku. Duk na karanta wa mata, ba abin da ya tsaya mini sai layin da ya ce sauran fursunoninmu na Rasha suna hanya. Ka ce duk jirgin ƙasan da ya zo tana zuwa tasha da hoton Remo, kai kake riƙe ta a hanyar dawowa. Na san tsayuwar nan, na yi ta.

Don haka ka zauna har jirgi na ƙarshe ya iso. Idan Remo ya sauko, ka cire masa kwat ɗinsa ka kamo hanya. Idan bai sauko ba, ka tattara mata masararta tukuna, ba a barin mace ita kaɗai a irin wannan kaka. 'Ya'yan Cosima sun yanke alkamar, sun zubar da rabi a hanya. Gonar tana nan, ban ba kowa ba.

Na aiko da man zaitun da busasshen ɓaure. Ka ce mata ta daina dafa maka abinci da man shanu, shi ke tayar maka da tari.

Mama ɗin, na bar mata, ta biya da wuyanta. Amma kai ka san yadda kake kirana daga bakin gona in yunwa ta kama ka, ka ja shi har karnuka su amsa: Maa! Wannan ban ba da aronsa ba. Idan na ji ka kira ta da shi, zan hau jirgi da gwiwar nan tawa.

Ka gaishe ta.
Taka,
Maa