Tambayarka Ta Fitilar Babur

Kai da takardar nan ta faɗo hannunka, ko ke, ku sani ba ku na rubuta wa ba. Idan kun fara, ku kai ƙarshe. Wanda zai karanta rabi ya fita da shi bakin titi, ya ajiye ta tun yanzu, domin masu jin rabin magana sun riga sun yi wa gidan nan ɓarnar da ta ishe shi.

Abba, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba, ban zauce ba. Addu'a ce ke isa gare ku, kuma ita nake yi maka bayan kowace salla. Takardar nan don ni ce. Akwai maganar da in ban sauke ta a nan ba zan sauke ta a kan wani, kuma ka san halina.

Labarin gida babu yawa. Damina ta kama unguwarmu ta New Bell yadda ta saba. Kwatar ƙofar gida ta cika ta shigo mana har bakin madafa, ni da ƙanwarka Ummi muka kwashe da bokiti, tunda mai yin aikin ba ya nan. Babanka ya koma safarar shanunsa, ya fi zama a Ngawundare bisa nan. Baburinka yana soro an lulluɓe shi da buhu. Masu son sayen ƙarfensa sun zo, na sallame su.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna tambayarka? Tun shekarar da ka shiga jami'a karatun kimiyyar fizik ka ɗauko ta ka ƙi ajiyewa. Wai idan babur ya yi gudu daidai da gudun haske, mai shi ya kunna fitilar gaba, hasken zai fita ya wuce shi, ko zai maƙale a cikin gilashin? Ka yi wa Ummi ita a kan tabarmar cin abinci. Ka yi mini ita ina tsaye a kan kasko, na ce ka je ka tambayi waɗanda ake biya don amsawa. Da ka tsaya a nan da babu komai. Amma sai ka kwashe ta ka kai mahaɗar titi inda kuke jiran fasinja da 'yan bensikin, wato masu acaɓa, bayan ka taso daga karatu. Ka kai ta teburin mai shayi. Ka kai ta ƙofar masallaci.

Nan ne faɗana da kai, kuma mutuwa ba ta hana ni yin sa. Sau nawa na gaya maka ba kowane kunne ake zuba wa kowace magana ba? Kai kana tambayar aji, su suna jin cika baki na mai babur. Ka san abin da suka mayar da ita?

Suna cewa ka yi alwashin sai ka tsere wa fitilarka. Suna cewa a kan hanyar Yassa gwaji kake yi, ka murɗa hannu har ƙarshe don ka ga ko za ka kamo hasken. Iyaye suna tsorata 'ya'yansu da sunanka. Har baƙin 'yan kasuwa da suka zo daga Najeriya bana, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarka ba, sun haddace labarin. Wani daga cikinsu ya ba ni shi da bakinsa yana auna mini yadi, bai san ko wace ce ni ba. Ya ƙara da cewa an tarar da fitilar a kunne. Da tsakar rana, Abba! Na bar masa yadinsa a kan teburi na fito.

Ni kuwa na san yadda aka yi. Matar da ka ɗauko daga unguwar Nylon ranar ta zo gidan nan lokacin zaman makoki. Ba ta jin Hausa, da Faransanci ta faɗa, a gaban mata cike da tsakar gida. Ka sauke ta a Yassa, ka kashe injin, ka sauka kana kwance mata igiyar da aka ɗaure damin ayabarta. Babbar motar katako da birkinta ya ƙi ta sauka daga kwalta ta same ka. Waɗanda suka yi maka wanka a aljihun wandonka suka ciro makullin babur. A tsaye kake. Mutumin da yake tsaye ake cewa gudu ya kashe shi. Ajali ne, na yarda, ban ja da Ubangijina ba. Amma ajali bai ba kowa izinin yi wa mamaci ƙarya ba.

Da a kan sunanka kaɗai abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Sai ya taɓa Ummi.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an shafa fatiha, Baffanka Sule, yayan babanka, ya yanke hukunci a gaban maza. Ya ce a cire Ummi daga ajin kimiyya. Yarinyar da bana za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare! Ya ce irin karatun nan shi ke sa yara ja da iyakar da Allah Ya sa, ya ci ɗaya, ba za a miƙa masa na biyu ba. Ta zo shagonsa a kasuwa ta koyi ciniki. Babanka ya sunkuyar da kai. Ka san shi a gaban yayansa, ko tari ba ya yi da ƙarfi.

Ranar na bar su da hukuncinsu. Ban saba shiga faɗan da ban san kansa ba. Na kira Ummi madafa na ce ta gaya mini amsar tambayarka. Ta fashe da kuka. Na ce kukan ya jira, tukunya ma tana jira. Ni ma na zauna a bencin lise, wato sakandare, kafin a haife ku, lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba. Kullum in ta zo taya ni girki sai na sa ta maimaita, har na riƙe. Bari in faɗa maka, ka ji ko na yi daidai.

Idan kana kan babur yana tafiya ka jefa goro gaba, wanda ke tsaye a bakin hanya zai ga goron yana tafiya da gudun babur haɗe da ƙarfin hannunka. Wannan kowa ya sani. Haske ba ya bin wannan hanya. Gudunsa ɗaya ne, kusan kilomita dubu ɗari uku a sakan guda, ko fitilar tana rataye a bangon ɗaki ko tana kan abin da ya fi komai sauri. Ba ya karɓar ƙari daga wanda ya ɗauko shi.

To a ce baburin ya yi gudu har ya kusa kai wa haske, saura ƙiris. Mai shi ya kunna fitila. Shi a idonsa hasken zai fita ya bar shi da cikakken gudunsa, kamar yana tsaye a ƙofar gidanmu. Ko taku ɗaya bai rage tsakaninsa da shi ba. Na bakin hanya kuma zai ga hasken da wannan gudun dai, ba ninki biyu ba, babur yana biye da shi kurkusa. Na tambayi Ummi yaya za a yi su biyun su yi gaskiya. Ta ce agogonsu ne da ma'auninsu ba sa tafiya ɗaya, na bakin hanya zai ga agogon mai babur yana jan ƙafa. Wannan gurin ban riƙe shi da hannu biyu ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na karɓe shi yadda nake karɓar maganar likita.

Amma ƙarshen na gane shi sarai. Duk abin da yake da nauyi ba zai kai gudun haske ba. Yana matsowa, ƙarfin da ake bukata don ƙara masa yana hauhawa, ko an tara masa man duniya kaf ba zai isa ba. Ashe tambayar taka ta misali ce kawai. Babu baburin da zai kai can, balle a tambayi fitilarsa.

Ka ga abin da ya ƙona mini rai? Karatun da suke cewa yana koya wa yara tsallake iyaka, shi ne yake cewa ga iyaka nan, ba mai wuce ta. Waɗanda ke ganin babu iyaka suna nan kan titi, suna ratsa tsakanin motoci da mata da goyo a baya, kuma ba su taɓa zama ajin fizik ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffanka ya zo da dattawa biyu don a gama magana. Na kai musu shayi. Maimakon in koma, na gyara mayafina na tsaya a bakin ƙofar falo. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga ido a gabansa ba, kai shaida ne. Na gaishe shi, na ce Yaya ya yi mini haƙuri ina da magana. Na faɗi ta matar Nylon da makullin. Na faɗi ta goro da fitila, tun daga farko har ƙarshe. Ya dube ni ya tambaya yaushe aka naɗa ni malama ba a gayyace shi walima ba. Ɗaya dattijon ya yi dariya. Baffanka ya juya ga babanka ya ce ga shi nan, abin ya fara taɓa uwar ma. Na ce masa in sanin cewa ba mai kamo haske shi ne taɓuwa, to a lissafa da ni. Na ce ɗa ɗaya babbar mota ta ɗauke mini, wannan daga Allah ne. 'Ya kuma ba zan bari jita-jita ta ɗauke mini ita ba, domin wannan daga mutane ne.

Baffanka ya tashi bai shanye shayinsa ba.

Kada ka ɗauka an yi mini guɗa. Babanka ya ce na ja mana, bai ce i ba bai ce a'a ba, ya kama hanyar arewa. Baffanka ya aiko cewa ya cire hannunsa daga lamarin gidanmu. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a wurin biki. Mata a unguwa suna cewa baƙin ciki ya sa Rabi rashin kunya. Su faɗa. Ranar Litinin ni da kaina na raka Ummi har ƙofar lise, tana roƙona in tsaya daga nesa kada ƙawayenta su gan ta da rakiya kamar 'yar makarantar renon yara. Ban tsaya ba. Sai da na ga ta shige.

Saura abin da ban taɓa gaya maka ba. Ba haƙuri zan ba ka ba, kada ka sa rai. Duk faɗan da na yi maka, da za ka dawo zan sake yin sa. Abin shi ne, ina jin daɗin tambayar nan. In ka fara yi wa Ummi ita, rage wutar risho nake yi don kada ƙarar man suya ta hana ni ji. Ina kallon hannunka yana zana titi a iska, ina cewa a raina wannan daga cikina ya fito. Uwa ba ta yabon ɗan fari a fuskarsa, haka aka rene ni, haka na rene ka. Ka gane ko ba ka gane ba? Kana lura da wutar tana raguwa?

Ummi ta ce ka san amsar tun tuni, kana tambaya ne don ka ga yadda fuskokin mutane ke yi. In haka ne ka ƙara ba ni haushi. Ka bar musu tambaya tsirara ka tafi da amsar, ni kuma da furfurata na zauna ina koyon ta a gaban murhu don in wanke ka.

Na yafe maka wannan da sauran, duniya da lahira. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Kafin nan, ga dokar da na kafa, na kuma faɗe ta da ƙarfi a tsakar gida don maƙwabta su ji ta kan katanga. Duk wanda ya shigo gidan nan ya ce gudu ne ya kashe ka, za a shimfiɗa masa tabarma, a kira Ummi ta yi masa bayanin fitilar tun daga goro har ƙarshe, ba ya tashi sai ta gama. Wanda ba zai iya zama ba, ya yi sallama daga soro ya wuce. Ban cire babanka ba, ban cire Baffanka ba.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi, daga gidanku na New Bell.