Hekta Saba'in na Sammani

Sabon Gari, Kano
9 ga Agusta

Injiniya Lateef,

Gaisuwa mai yawa, ya Fatakwal? Mahaifiyarka Mama Fausat lafiya lau, jiya na leƙa ta a Fagge.

Ruwan ranar Talata ya fi ƙarfin kwalbatin layinmu, wanda kamfaninku ya gina. Ya shiga shaguna goma sha ɗaya. Atamfofin Felicia matata duk sun zama tsumma. An kafa kwamitin bincike, kuma Sammani, abokin aikinka na da, ya faɗa musu lissafinka ne, shi gini kawai ya yi. Yanzu a kasuwa sunanka ake zagi. Ni ban yarda ba, amma ka ba ni abin da zan faɗa.

Naka,
Chukwuma

Fatakwal
17 ga Agusta

Chukwuma,

Na amsa gaisuwa. Ka jajanta mini wa Felicia.

Shekara huɗu ina jiran ruwan nan, Allah ya yafe mini.

Ta hanya biyu ake auna ruwan da kwalbati zai ɗauka. Idan filin da ke zubo masa ruwa ƙarami ne, bai kai hekta tamanin ba, gajeren lissafi ya isa: faɗin fili, ƙarfin ruwan sama, da yadda ƙasa ke sha. Awa ɗaya an gama. Idan ya wuce haka, dole a bi ruwan lungu-lungu, a san lokacin da na kowace unguwa ke isowa. Wannan aikin makonni ne.

Kwalbatinku yana kwasar ruwa tun daga cikin Fagge da bayan tashar jirgi, hekta ɗari uku da 'yan kai. Da ƙafata na taka. Sammani yana sauri, sai ya ja layi a taswira daidai bakin kasuwa, ya rubuta saba'in, don gajeren lissafi ya halatta. Kamar ruwan Fagge zai ga layinsa ya juya gida.

Na yi magana, ya ce wa manya ina da taurin kai, aka wurgo ni nan. Babana ya rasu ina kan hanyar zuwa duba shi. Rahotona na ɗari uku yana cikin akwatina a ɗakin Mama. Ka karɓa ka kai wa kwamiti. So nake a karanta shi Sammani yana zaune.

Lateef

Sabon Gari
25 ga Agusta

Injiniya,

Barka da aiki. Na karɓo, amma akwai wata takarda a ƙarƙashinsa: taswirar saba'in ɗin, da sa hannunka kusa da na Sammani. Kwamiti ba su da ita, ta kamfani wai ta ɓace. In babu ita, zai ce shi bai taɓa rubuta saba'in ba. In an kai ta, lasisinka zai tafi tare da nasa.

Jawahir matar Sammani ta zo wajen Mama tana kuka. Mama ta ce in ƙona takardar, in bar wa Allah. Me zan yi?

Chukwuma

Fatakwal
1 ga Satumba

Chukwuma,

Ina gaisuwa. Hannuna ne. Na gaji da gardama ranar, na sa, ina tunanin za su bar ni a Kano. Ba su bar ni ba.

Kada ka ƙona. Ka kai duka biyun, ka fara nuna wa Felicia kafin kwamiti, ita ta fi su haƙƙin sani. Ka ba Mama haƙuri.

Ina zuwa ranar zaman. A ajiye mini kujera kusa da ta Sammani.

Lateef