Rasuwar Anti Jan Biro da Roƙo ga Maƙwabciyar Gadonta

Cikin alhini da karyewar zuciya, mu ma'aikatan kamfanin da ke shirya wasan kwaikwayon asibiti na talabijin mai suna Gado Na Tara, muka samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, shugabar marubutanmu kuma tsohuwar babbar ma'aikaciyar jinya, Hajiyar da kowa a wurin ɗaukar shiri ya sani da Anti Jan Biro, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Talata bayan jinyar mako biyar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya kafin ta ajiye farar riga ta zo mana, kuma tun ranar da ta shigo ta hana mu sakat. Mu dai abin da muka iya shi ne kyakkyawan likita mai tafiyar ƙasaita, ya shigo ya ceci rai, ya fita baranda ya yi soyayya. Ita ta zaunar da mu ta ce a asibitin da ta sani minti biyar likita ke yi a bakin gado, sauran yinin kuwa na ma'aikaciyar jinya ne, da mai shara, da 'yar da ta rufe shagonta tana wanke wa uwarta zane. Ta cika bangon ɗakin marubuta da katuna, fari na likitoci, kore na ma'aikatan jinya, rawaya na marasa lafiya da danginsu, kowane kati fitowa ɗaya, a jere daga taga zuwa ƙofa yadda labarin zai tafi. In fari ya yi yawa a layi sai jan biro ya fito, ko jarumin shirin ya cika ya yi fam ba ta ko kallonsa. Mun sha yin ƙorafi a bayan idonta, Allah Ya yafe mana. Amma tsohuwar nan ta gado na tara, wadda ta shekara uku a shirin tana jiran ɗanta ya zo duba ta, ita masu kallo ke tare mu a hanya suna tambaya, ba likitan ba.

Dole in faɗi abin da bai kamaci takardar ta'aziyya ba. Da aka kwantar da marigayiya a asibiti mun sa rai za ta dawo, sai na kawo shawarar a yi wa ɗakin marubuta fenti ta tarar da shi fes. Da hannuna na cire katunan kashi shida na ƙarshe, na ware su launi-launi, na ɗaure da roba, ina ganin na yi gwaninta. Ashe ba ta sa musu lamba ba, jerin a bango yake, a kanta yake. Kwana huɗu muna baje su a ƙasa mun kasa mayarwa, katin ƙarshe na tsohuwar ma babu komai a kansa sai ɗigon jan biro. Gidan talabijin ya ba mu kwana tara. In ba mu kai ƙarshen labarin ba, za a rufe shirin da auren likitan, a mance da tsohuwar a gadonta. Wallahi abin da marigayiya ta shekara uku tana hanawa ke nan.

A madadin shugaban kamfani, darakta, 'yan wasa da dukkan ma'aikata, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, dattijo mai haƙuri, da 'ya'yanta huɗu, jikokinta da ƙannenta. Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya jiƙanta, Ya sa jinyar da ta yi wa bayinSa ta zame mata haske a makwancinta.

Babbar 'yarta ta shaida mana cewa a makonta na ƙarshe marigayiya ta ba matar da ke gadon kusa da nata labarin ƙarshen shirin duka, har matar ta yi kuka. An sallami matar kafin rasuwar, asibiti kuma ba ya ba da sunan mara lafiya, marigayiya da kanta ta koya mana haka. An dai ce tela ce mai ciwon ƙafa. Baiwar Allah, in saƙon nan ya iso gare ki, don girman Allah ki neme mu, ko ki aiko, mu za mu zo har ƙofar gidanki. Ba mu kwashe shimfiɗar gado na tara ba. Dattijuwar da ke fitowa a matsayin tsohuwar kullum sai ta zo ta zauna a bakinsa tana tambayarmu ko ɗan nata zai zo.

Sa hannu:
Wanda marigayiya ke kira Sarkin Garaje,
Mataimakin Shugabar Marubuta kuma Mai Magana da Yawun Kamfanin