Kalangun Ronke

Iseyin, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Ayanniyi,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Folake. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafata, da kuma ɓacin ran da ka bar mini.

Niyi, ka ba ni kunya. Da kanka ka kawo mini 'yarka Ronke hutu, ka ce malamanta na Legas sun ce daƙiƙiya ce, saboda i'ina ba ta iya fitar da ko sunanta. Daƙiƙiya a gidan makaɗa? Na ba ta ƙaramin kalangun da kai ma da shi ka fara. In na buga, ta maimaita da baki. Cikin wata biyu yarinyar nan ta haddace kirarin kakanninta bakwai, ta iya gaida manya, har lissafin makaranta take rerawa tana tuƙa amala da kakarta. Muddin tana bin kiɗa, harshenta ba ya sarƙewa ko sau ɗaya.

Sai ga ka da motarka da takalminka mai ƙyalli. Ta rugo za ta yi maka kirari, ka fizge kalangun ka jefar a kwata, wai 'yarka ba za ta zama maroƙiya ba. Maroƙiya! To ni ubanka mene ne? Kai da ka shekara biyar ba ka iya cewa “ruwa”, wa ya buɗe maka baki? Likita? Har kana gyara mini zama da Turanci a tsakar gidana, mara kunya!

Jiya Folake ta kira ni tana kuka. Ta ce kwana goma sha ɗaya ke nan Ronke ba ta ce uffan ba, sai dai ta riƙa ƙwanƙwasa gefen gado da yatsu.

Na wanke kalangun, na sake masa fata. Ga shi nan na ba direba Lamidi tare da wasiƙar nan. Ka miƙa mata da hannunka. Ka san ranar da za a binne ni, ganga za ta kira 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. In kalangun nan ya dawo Iseyin, na riga na gaya wa ƙannenka da za su buga gangar su tsallake sunanka.

Ka gaida Folake. Ka ce wa Ronke ina jiran ta kira ni, ko da yatsu ne, zan gane.

Ubanka, ko ka so ko ka ƙi,
Ayandokun